Kurakuran da Kwamitocin Agajin Unguwa Ke Yi Kan Iska da Ambaliya a Kaduna

A yawancin unguwanninmu, sai ruwa ya gama ɓarna ake kafa kwamiti. Katanga ta zube, katifu na shanye a bakin titi, sannan a taru a ƙofar mai unguwa a naɗa shugaba da sakatare da ma'aji, a ce su rubuta sunayen waɗanda abin ya shafa a kai wa hukuma. Wannan kwamitin jaje ne. Yana da amfaninsa, amma ba shi ne zai fito da tsohuwa daga ɗaki da ƙarfe biyun dare ba. Hukumomin agajin gaggawa, NEMA ta tarayya da SEMA ta jiha, suna zuwa, sai dai kafin motarsu ta iso an riga an yi wadda za a yi, kuma maƙwabta ne suka yi ta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin zama shi ne tsakiyar rani, wajen Fabrairu zuwa Maris, lokacin da hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ta fitar da hasashen daminar shekara, hukumar sa ido kan koguna, NIHSA, kuma ta biyo baya da sunayen wuraren da ake fargabar ambaliya.

Kuskuren da ke bin wannan shi ne ɗaukar damina abu guda. A Kaduna masifar farkon damina daban, ta ƙarshenta daban. Afrilu da Mayu lokacin iska ne, hadari ya taso da ƙura, ya yaye kwano, ya karya bishiya da turken lantarki, wani lokacin ma ba a samu ruwan kirki ba. Agusta da Satumba kuwa ƙasa ta ƙoshi, nan ne ambaliya ke zuwa. Ita ma iri biyu ce. Akwai ta kwata da kwalbati da suka toshe, wadda kan shigo gida cikin rabin awa ana tsaka da ruwa, kuma tana iya samun unguwar da ko ganin kogi ba ta yi. Akwai kuma ta kogin Kaduna, wadda ta fi yaudarar mutane. Kogin nan daga tsaunukan Filato ya taso, saboda haka ruwan da aka tafka can gabas yana iya cika shi alhali a cikin gari rana ake ƙwallawa. Mutumin Kigo Road ko Bachama Road da ya dubi sama ya ga garau ya kwanta, ba sama ya kamata ya duba ba.

Gyaran ba ya cin kuɗi. A samu turke ko jikin katanga da ke kusa da gaɓa, a yi masa alama uku da fenti: ta farko a fara sa ido, ta biyu a ɗaure kaya a kwashe tsofaffi da yara, ta uku kowa ya fita. A ware mutum biyu ko uku da za su riƙa dubawa safe da yamma da tsakar dare tun daga farkon Agusta. Kada a nemo su daga masu manyan riguna. Masunta, masu haƙar yashi da masu lambu a bakin kogi sun fi kowa sanin halinsa, kuma su ne aka fi mantawa da su wajen kiran taro. A tambayi dattawa inda ruwa ya tsaya a 2003 da 2012, a shafa wa wurin fenti, yara ma su san shi. Sannan tunda ruwan yana wuce Rafin Guza da Malali kafin ya kai Kabala, Barnawa da Nasarawa, na ƙasa su karɓi lambobin na sama. Kira ɗaya daga Malali zai ba mutumin Nasarawa lokacin kwashe iyalinsa.

Sai batun sanarwa. Yanzu da zarar an kafa kwamiti sai a buɗe zauren WhatsApp a ce an gama. To, daren da iska ta kayar da turaku babu wuta, waya ta mutu, sabis na rawa, kuma tsohuwar da aka fi jin tsoro a kanta ba ta da irin wannan waya tun asali. Lasifikar masallaci mai batir, ƙararrawar coci da usur ɗin 'yan sintiri sun fi isa kunne. Amma a nan akwai wani abu da ya kamata mutanen Kaduna su lura da shi: usur ko ihu da daddare a wajenmu alamar ɓarayi ne, kuma abin da mutum zai yi shi ne ya ƙara sakata. Idan da irin wannan alamar za a yi gargaɗin ruwa, an kulle mutane a cikin gida ke nan. Dole alamar ruwa ta bambanta, a faɗe ta a masallaci ranar Juma'a da coci ranar Lahadi har ta zauna, kuma mai lasifika ya furta kalmar “ruwa” ƙarara da sunan layin da abin ya shafa. Mutum biyu kacal za a ba ikon sanarwa. In ba haka ba, wani zai tura tsohon bidiyon ambaliyar Maiduguri ta 2024 ya ce Unguwar Rimi ce, a firgita jama'a a banza, ranar gaskiya kuma a ƙi tashi.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada, a ganina, shi ne tashi daga taro da cewa “idan abu ya faru kowa ya taimaka.” Aikin da aka bar wa kowa, ba wanda zai yi shi, don kowa iyalinsa zai fara nufa, kuma ba laifinsa ba ne. Abin da ake bukata shi ne a bi gida gida a rubuta waɗanda ba za su iya fita da ƙafarsu ba: tsofaffi, masu shanyewar jiki, makafi, masu tsohon ciki, mai jego, da gidan da mai gida ke aikin dare. A gaban kowane suna a rubuta matasa biyu da za su je kansa, su kuma je su gaishe shi tun yanzu don ya san fuskarsu. Makarantar allo ta shiga lissafi, a tambayi malam yara nawa ke kwana kuma a wane ɗaki. Takardar nan a yi ta kwafi uku a sa a leda, ɗaya gun mai unguwa, sauran a gidajen da ke kan tudu.

Wannan aiki ba zai yiwu ba in babu mata, amma sau da yawa kwamitin maza ne zalla. Ruwa ba ya jiran maza su dawo daga kasuwa. Idan ya zo da rana, mata da yara ne a gida, kuma saurayi zai yi turus a ƙofar gidan da aka rubuta “ba shiga”. Ungozoma, malamar Islamiyya da shugabar zumuntar mata sun san wace ce ke dab da haihuwa, wane ne ke kwance ba a faɗa ba. A ba su kujera ta gaske, ba a kira su ranar girkin masu aikin gayya kaɗai ba.

Wurin fakewa ma haka. Za a ce “firamare za mu”, ba wanda ya tambayi hedimasta, ba wanda ya san wa ke riƙe da makulli, ba a kuma lura cewa hanyar zuwa can ta bi ta kan kwalbatin da ke fara nutsewa ba. A taka hanyar da ƙafa, da daddare, da tocila. A duba ban ɗaki da ruwan sha, a ware ajin mata.

Yasar kwata kowa na yi, amma dubi yadda ake yin ta. A fito ranar Asabar a kwashe leda da yashi a jibge a bakin kwatar, a ɗauki hoto, a watse. Ruwan farko ya mayar da komai inda ya fito. Kafin a ɗaga shebur a tabbatar da motar da za ta kwashe, ko da kuwa karo-karo za a yi a ɗauko tifa. Kuma daga ƙasa ake farawa, inda ruwan ke fita zuwa rafi, a yo sama. Wanda ya buɗe sama ya bar ƙasa a toshe, ya tura wa maƙwabtansa ruwa ne da gudu. A rufin gida kuwa, ɗora duwatsu da bulo da tsofaffin tayoyi a kan kwano ba ɗauri ba ne. Iska mai ƙarfi za ta ɗaga kwanon ta jefo da su tsakar gida. A kira kafinta ya ƙara ƙusa, ya canza katakon da gara ta ci, ya ɗaure katakon rufin da jikin gini da ƙarfe. Reshen da ya hau kan wayar wuta, ma'aikatan lantarki ake kira, ba yaro mai adda ba.

Jarumtar matasa abin yabo ce, amma ita ke mayar da gawa ɗaya biyu. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum. Santimita 30 na iya ɗaga ƙaramar mota, balle Keke ko babur. Saboda haka aikin farko na 'yan agaji shi ne tare hanya a hana ƙetarawa, ko mai Keken zai yi zagi. Wanda ruwa ya ja, a miƙa masa doguwar gora, ko a jefa masa igiya ɗaure da jarka wadda ba komai a ciki an toshe bakinta. Kada mai ceto ya ɗaura igiya a ƙugunsa ya shiga ruwa mai gudu, don igiyar na iya danne shi a ƙasa ya kasa kwancewa. Wayar lantarki da ta faɗi a ɗauka tana da wuta ko da unguwa duhu ce, a ja baya kamar mita 10, a sa mai gadi. Wanda tsawa ta faɗa wa ba ya riƙe wuta a jikinsa, a taɓa shi a taimake shi nan take. Wanda aka tsamo daga ruwa ba ya numfashi, ba juya shi ake yi ana matsa ciki ba, hura masa numfashi ake yi da danna ƙirji. Wannan ba a koyonsa a rubuce. A gayyato Red Cross su koya wa mutum goma da hannu, a haɗa da 'yan agajin masallatai da na coci, waɗanda da ma suna da horo da tsari. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, amma a ajiye ta wani direba a unguwa da ya yarda a tashe shi kowane lokaci.

Janyewar ruwa ba ƙarshen hatsari ba ne, nan kuma kwamitoci kan saki jiki. Katangar da ta sha ruwa, musamman ginin ƙasa, tana iya faɗuwa bayan kwana biyu, don haka kada a bar kowa ya kwana jikin bangon da ya tsage. Rijiyar da ruwa ya shiga ta haɗu da na masai, ba a sha sai an tafasa ko an sa sinadarin kilorin. Idan amai da gudawa suka ɓulla, a fara ba da ruwan gishiri da sukari a kan hanyar asibiti: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Janareta kuma waje, nesa da taga, ko ana ruwa. Hayaƙinsa na kashe mutane cikin barci.

Rabon tallafi shi ne inda zumunci kan lalace. Jerin da aka rubuta bayan an ji labarin buhunan shinkafa na tafe, kumbura yake yi, sai ka ga sunan wanda ruwa bai taɓa ƙofarsa ba. Sannan akan rubuta mai gida a manta ɗan haya, alhali ɗan hayan ne ya rasa katifa da abinci da takardun makarantar yara, mai gidan kuwa yana wata unguwa. A rubuta asarar gini daban da sunan mai gida, asarar kaya daban da sunan wanda ke ciki. A ɗauki hoto a ranar, a karanta jerin a bainar jama'a kafin a miƙa wa ƙaramar hukuma da SEMA, a bar kwafi a hannun kwamiti. Kuma tunda 'yan haya na tashi wasu na shigowa, kowane Maris a sake bin gidajen a sabunta sunaye.