Shawara ga Mai Neman Sayen Gidan Farko a Kano

'Yan uwa, yanzu da masu nema suka fi gidajen yawa, dillali zai ce maka mutum uku na jira a bayanka, kuma wani lokacin gaskiya yake faɗa. Duk da haka, kada ka ba da kafin alƙalami sai an tabbatar maka da takardun filin a ofishin KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Jihar Kano. Ka ware kuɗin la'ada da na lauya da na gyaran rufi tun kafin tayi, domin a nan lissafin sabon shiga yake rushewa. Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 na albashi zuwa asusun gidaje na ƙasa (NHF) yana iya neman rancen gida daga bankin ba da lamunin gidaje na gwamnatin tarayya (FMBN), wanda ake biya har shekara 30. Mai gudun kuɗin ruwa kuwa ya tuntuɓi bankunan Musulunci irin su Jaiz.