Idan aka turo maka ɗaliban lafiya fostin

Duk mai riƙe da ƙaramin asibiti ya san wannan safiyar, ka iso ka tarar da yara shida ko takwas cikin fararen kaya a bakin ƙofa da takarda a hannu, makarantar koyon aikin lafiya ce ta turo su fostin, wato koyon aiki a asibiti, wasu CHEW, masu koyon aikin lafiyar al'umma na shekara 3, wasu JCHEW, ƙaramin matakinsa, masu shekara 2, wani lokacin har da 'yan nas da ungozoma. Abinda ke fara zuwa ran yawancinmu shi ne alhamdulillahi an samu masu rage mana aiki. To tun daga nan ake ɓata abin, domin yaran nan koyo suka zo yi, kuma duk abinda hannunsu ya yi a wuyanka yake.

Ka fara da karɓar lambar malamin da ke kula da su daga makaranta, ka buɗe logbuk ɗinsu, littafin da ake rubuta ayyukan da suka yi, ka ga me ake so su koya da ajin da suke, don ɗan ajin farko da ɗan ajin ƙarshe ba aiki ɗaya za ka ba su ba. Idan ma'aikatanka uku ne aka turo maka goma sha biyu, ka kira makarantar a raba su kashi-kashi, babu kunya a ciki. Kowane ɗalibi a haɗa shi da ma'aikaci ɗaya da ya san sunansa.

Ranar farko ni ba na bari su taɓa mara lafiya. Zagayawa muke yi, ga wurin wanke hannu, ga safar hannu, ga kwalin jefa allura, kuma ba a mayar wa allura murfinta bayan an yi amfani da ita. Sai in tambayi wanda ya yi rigakafin ciwon hanta na Hepatitis B da wanda bai yi ba. Sannan maganar da nake maimaitawa har su gaji da ni, duk wanda allura ta soka ya zo ya gaya min a take ba zan yi masa faɗa ba, saboda maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi kuma da wuri ya fi. Na taɓa samun yarinyar da ta ɓoye har kwana huɗu don tsoron a ce ta yi sakaci, Allah ya tsare ba ta ɗauki komai ba, amma wallahi har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Sai sirri. A gari irin namu kowa ya san kowa, matar da ta zo tazarar haihuwa wataƙila maƙwabciyar ɗalibin ce. Babu hoto, babu sitatus ɗin WhatsApp, babu hirar wance ta zo yau. Kuma a nemi izini da baki, Mama wannan ɗaliba ce tana koyo, kin yarda ta gwada miki jini ina tsaye? Idan ta ce a'a shikenan, musamman ɗalibi namiji a ɗakin awo ko na haihuwa.

Koyarwar kanta ba wuya. Ya ga ka yi, ku yi tare, sannan ya yi kana kallo. Ranar rigakafi ta fi kowace rana albarka, a nan zai ga ana duba firij safe da yamma ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8, ya riƙe cewa Penta, allurar rigakafin cututtuka biyar, a sati 6 da 10 da 14 ake yi wa jariri, ta ƙyanda a wata 9, kuma BCG ta tarin fuka ko ta ƙyanda in an haɗa ta da ruwanta bayan awa 6 zubarwa ake yi ko da saura. Ranar awo ka ce masa duk mai cikin da BP ɗinta ya kai 140/90 ya kira ka, kada ya rubuta kawai ya wuce. Haka tef ɗin awon damtsen yara, in ya faɗa ja wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, a kawo maka yaron. 'Yan CHEW kuma ka sa su buɗe littafin Standing Orders, wato na ƙa'idojin duba marasa lafiya da ba su magani, a gabanka, su saba da dubawa maimakon cinke. In za a fita ziyarar gidaje a fara gaida mai unguwa, kuma kada su tafi su kaɗai.

Dan Allah idan ɗalibi ya yi kuskure ka karɓi aikin cikin natsuwa, gyaran ku yi shi daga baya ku biyu, tsawa a gaban mara lafiya ita ke koya musu ɓoye laifi.

Logbuk kuma kada ka sa hannu a kan abinda ba ka gani da idonka ba, ko an roƙe ka ko ɗan wane ne. Ni duk Alhamis nake zama da su minti ashirin mu duba na satin, wanda ya rage masa wani aiki sai in sa shi a rostar sati mai zuwa, ranar da za su tafi kuma in rubuta wa makarantar abinda kowa ya iya da inda yake buƙatar ƙari.