Yadda zaka kalli kyamarar tsaro a waya ba tare da data ta ƙare ba

Yawancin kyamarorin nan hoto biyu suke fitarwa, babba mai kyau sosai da ƙarami wato sub stream. Babban ka barshi ya tafi NVR, wato na'urar da ke ajiye bidiyon, yana rikodin, a waya kuwa ƙaramin zaka buɗe, in ba haka ba wallahi datarka zata tafi kamar ruwa. Shiga saitin kyamarar, a wajen tsarin matse bidiyo ka zaɓi H.265 don yafi H.264 rage cin wuri, amma tsofaffin na'urori wasu basa karantashi, in hoto yaƙi fitowa ka koma H.264 kawai. Sauti kuma sai kyamarar tana da makirfo, ka kunna shi da kanka, a tsarin sautin kuma AAC yafi G.711 daɗin ji. A kwamfuta VLC, manhajar kallon bidiyo, ya isheka, link ɗin RTSP wato adireshin bidiyon kyamarar zaka saka, port 554 wato lambar ƙofar da bidiyon ke fitowa.