Darasi na Tara: Ina Dalar Gyaɗa Ta Tafi?

Jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911. Ba a jima ba gyaɗa ta zama hajar da ake kaiwa Turai. Manomi ya noma, mata su ɓare, a kai wa dillali ya auna. 'Yan kasuwa irin su Alhassan Dantata suna saye, leburori suna jera buhu kan buhu har ya zama dala, ana jiran jirgin da zai kwashe zuwa Legas.

A 1949 aka kafa hukumar sayen gyaɗa. Ita ke yanka farashi tun kafin kaka. Tana saye da araha, ta sayar a ƙasashen waje da tsada, rarar kuma ta shiga hannun gwamnati. An ƙwari manomi a nan, babu shakka. Amma a lura da wani abu: idan gyaɗa ba ta yi ba, baitulmalin Jihar Arewa ma ya shiga uku. Shi ya sa dole gwamnati ta damu da iri, da malamin gona, da hanyar da mota za ta bi ta shiga ƙauye.

Sai aka samu man fetur a Oloibiri, a yankin Neja Delta, a 1956. Da farashinsa ya tashi a 1973, kuɗi suka riƙa shigowa gwamnatin tarayya ba tare da gumin manomi ba. A daidai lokacin aka yi babban fari, sannan a 1975 wata cuta da ƙwari ke yaɗawa ta tsugunar da gyaɗa a gonaki. Samari suka ajiye fartanya suka nufi birni neman aikin albashi. Fari da cuta daga Allah ne, amma barin manomi shi kaɗai da asararsa aikin masu mulki ne. Gwamnatin da ba ta jiran kuɗinka ba ta cika sauraron kukanka ba. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona baki ɗaya.

Aiki

1. Karanta da ƙarfi, sannan ka rubuta: gyaɗa, farashi, baitulmali.
2. Wa ke yanka farashin abin da kuke nomawa yanzu?
3. Ka tambayi wani dattijo a garinku yadda ake sayar da gyaɗa a zamaninsa, ka kawo amsar aji.
4. Ku rubuta wa kansilanku wasiƙa ta layi biyar kan hanya ko taki.