Darasi na Bakwai: Jiya, Yau da Gobe a Bakin Bature

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu buga bulo ya san abin bugun guda ɗaya ne. Yashi da siminti ake ta zubawa, bulo na fitowa iri ɗaya har rana ta faɗi. Haka jimlolin Turanci na yau da kullum suke. Ba sai ka haddace jimla dubu ba. Ka riƙe zubi huɗu, sauran sai canjin kalma.

Mu fara da namu. Duba waɗannan:

Na dafa shinkafa.
Ina dafa shinkafa.
Zan dafa shinkafa.
Nakan dafa shinkafa.

Kalmar "dafa" tana nan yadda take. Abin da ke gaya mana lokaci shi ne ɗan abin da ke gabanta: na, ina, zan, nakan. Bahaushe a nan yake ɗora lokaci. Bature kuwa sau da yawa kalmar aikin kanta yake taɓawa, wato aikatau. Ga yadda zai faɗa:

I cooked rice. Na dafa shinkafa.
I am cooking rice. Ina dafa shinkafa.
I will cook rice. Zan dafa shinkafa.
I cook rice. Nakan dafa shinkafa.

Karanta su da ƙarfi sau uku. Sa'an nan ka cire cook ka sa wash, wato wanke, ka cire rice ka sa plates. Ka ga bulo ya sake fitowa.

Tarkon da ke cikin layi na huɗu

Na gobe ba ya ba kowa wahala. Will ita ce "za", ka ajiye ta gaban aikatau, shi ke nan. Wanda ke kayar da mutane shi ne na huɗu, don ya fi kowanne kama da mai sauƙi. Mai koyo yana ganin I cook sai ya ɗauka "na dafa" ke nan. A'a. Aikatau tsirara, babu komai a wutsiyarsa, al'ada yake nufi, abin da aka saba yi kullum.

Wani dattijo mai sayar da goro a ajinmu ya ba mu labarin da ya sa ba na wasa da wannan wuri. Ya je asibiti, ya tarar da likita ɗan bautar ƙasa daga Kudu, ba ya jin Hausa ko "zo in kashe ka". Likita ya nuna masa kwalin maganin hawan jini, ya tambaye shi. Baba ya gyara zama ya ce, "I take it." Nufinsa ya sha, sau ɗaya, ranar da aka ba shi. Likita kuwa abin da ya ji shi ne "nakan sha", wato kullum. Sai ya shiga mamakin yadda jini ya ƙi sauka, har ya ɗauki biro zai ƙara ƙarfin magani. Allah ya taimaka wata nas Bahaushiya tana kusa, ta ce, "Baba, kullum kake sha ko sau ɗaya ka sha?" Nan gaskiya ta fito. Abin da ya kamata ya ce shi ne I took it once, na sha sau ɗaya.

Ku lura kuma, take ya ce, kuma daidai ne. Mu shan magani muke yi ko da ƙwaya ce. Bature ba ya cewa drink ga ƙwaya.

Masu taurin kai

Ƙa'idar jiya ita ce a liƙa ed a ƙarshe: cooked, washed, opened, called. Amma akwai aikatau masu taurin kai da ba sa bin wannan, kuma abin haushi su ne aka fi amfani da su a kasuwa da tasha da banki. Babu dabara, sai hadda kamar yadda muka yi a makarantar allo:

go, went: tafi
come, came: zo
buy, bought: saya
sell, sold: sayar
pay, paid: biya
see, saw: gani
eat, ate: ci
take, took: ɗauka, ko sha magani
give, gave: bayar

Biyu a rana sun isa. Kada wani ya yi fushi da wannan. Mu ma muna cewa gida, gidaje, amma mutum, mutane, sa, shanu. Baƙon da ke koyon Hausa kukan da yake yi ke nan.

Tambaya da musu

In za ka yi tambaya a kan abin da ya wuce, sai ka kira did ta tsaya a gaba: Did you pay? Ka biya? In musu za ka yi, I did not pay, ban biya ba. Duba da kyau, pay ce ta dawo, ba paid ba. Did ta riga ta ɗauki kayan jiya a kanta, aikatau sai ya tafi hannu rabbana. Saboda haka Did you paid? kuskure ne, ko da ka ji mai babbar riga ya faɗa.

Ga hira a shago. Mutum biyu su tashi su karanta, ɗaya mai shago, ɗaya mai saye.

Did you pay for the sugar? Hajiya, kin biya kuɗin sukarin?
Yes, I paid your boy. E, na biya yaronka.
Did he give you change? Ya ba ki canji?
No, he did not. I will come tomorrow. A'a, bai ba ni ba. Zan zo gobe.

Kun ga you ɗin nan? Ita ce kai, ita ce ke, ita ce ku. A nan Hausa ta fi Turanci bayani, kuma mai koyo ya huta.

Buroka daban, Turancin takarda daban

Da yawanku kun iya buroka tun kafin ku zo ajin nan, a Sabon Gari ko a Legas kuka tsince ta. Ba abin kunya ba ce, harshe ne mai ƙa'idarsa, kuma zubinta ya yi kama da namu: I don buy na saya, I dey buy ina saye, I go buy zan saya. Shi ya sa take wa Bahaushe daɗin baki. Sai dai go ɗin buroka "za" ce, go ɗin takarda kuwa tafiya ce. In kana rubuta wa shugaban makarantar ɗanka wasiƙa, will za ka sa.

Wani abu kuma: ba kowane "ina" ne ke zama I am da ing ba. Ina da yara uku, I have three children. Ina jin yunwa, I am hungry. Wata uwargida ta taɓa fassara mana shi kalma da kalma, ta ce I am hearing hunger, aji ya ɗauki dariya, ita ma har da hawaye. "Ji" namu yana da faɗi, kunne da hanci da ciki duk nasa ne. Hear na Bature kunne kaɗai ya sani.

Aikin gida

Rubuta abu uku da ka yi jiya, uku da za ka yi gobe, da uku da kakan yi kullum. Sa'an nan ka mayar da waɗannan zuwa Turanci:

1. Na sayi buhun masara jiya.
2. Ban ga likita ba.
3. Kin sha maganin?
4. Nakan sayar da goro a tasha.
5. Zan biya ranar Juma'a.

Wanda ɗansa ko jikansa ke makarantar boko, ya bari sai ya gama da hannunsa tukuna, sa'an nan ya ba yaron ya duba. A zo da littafin ranar Asabar.