Yadda ake buga wasannin neman ɓoyayyun abubuwa da na wasa ƙwaƙwalwa a kwamfuta

Za a nuna maka hoton wani ɗaki cike da tarkace: tsoffin akwatuna, agogon bango da ya daɗe da tsayawa, kwalabe, littattafai jibge a kan tebur. A ƙasan allon kuma ga jerin sunayen abubuwa goma sha wani abu, irin su makulli, gashin tsuntsu, almakashi, kyandir. Aikinka ka nemo kowanne a cikin hoton ka danna shi, sai sunansa ya goge daga jerin. Wasan ke nan a taƙaice. Ba ya buƙatar saurin hannu, ba ya buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, kuma babu wanda zai biyo ka da bindiga. Abin da yake nema a wurinka shi ne ka iya kallo, kuma kallo da tsari abu ne da ake koya.

Kamfanin da ya fi yaɗa irin waɗannan wasanni shi ne Big Fish Games, wanda aka kafa a birnin Siyatil na Amurka a 2002. A 2005 ya fitar da Mystery Case Files: Huntsville, wasan da ya jawo hankalin mutane da yawa zuwa wannan fanni. Daga baya masu ƙirƙira suka ga neman kaya kaɗai yana gundura, sai suka haɗa shi da labari, da yawo daga ɗaki zuwa ɗaki, da ƙananan wasannin wasa ƙwaƙwalwa a tsakani. Yawancin waɗanda za ka tarar yau wannan haɗin ne, don haka shi zan bi.

Da farko, zaɓi wasa da inda za ka sauke shi

Ka sauke daga tushe sananne, kamar shafin Big Fish ɗin kansa ko manhajar Steam. Wasannin Big Fish da yawa suna ba ka awa ɗaya kyauta ka ɗanɗana kafin ka saya, kuma awa ɗaya ta isa ka gane ko zanen da labarin sun kwanta maka. Shafukan da ke raba wasannin sata kuwa ka guje su, domin ta nan ne muggan manhajoji suka fi shiga kwamfutar mutane.

Idan labari kake so, kamfanin Artifex Mundi na ƙasar Foland yana da jerin wasanni masu kyan zane kamar Enigmatis da Grim Legends. Enigmatis kashi uku ne masu ɗorawa a kan juna, ka fara daga na farko. Idan neman kawai kake so ba tare da dogon zance ba, gwada Hidden Folks na 2017, wanda aka zana da hannu baƙi da fari, har sautukan cikinsa da baki aka yi su. Akwai kuma waɗanda ake bayarwa kyauta, kamar June's Journey na kamfanin Wooga da ke Jamus, wanda aka fi bugawa a waya. Irin waɗannan suna da ma'aunin kuzari da ke ƙarewa yayin da kake wasa, sai dai ka jira ya cika ko ka biya. Ni dai ga mai farawa na fi son wanda ake saya sau ɗaya a huta, saboda babu abin da ke tunzura ka ka yi gaggawa.

Na biyu, gyara saiti kafin ka fara

Wasan zai tambaye ka matakin wahala. Zaɓi mafi sauƙi, babu abin kunya a ciki. A wannan mataki wuraren da ke da abin yi suna ƙyalƙyali, maɓallin taimako yana saurin dawowa, kuma galibi ba a hukunta ka idan ka danna wurin da ba daidai ba. Yawancin wasannin suna bari ka canza matakin a tsakiyar tafiya. Ka buɗe wasan ya cika allo, ka ɗan ƙara haske domin masu zanen suna son ɓoye kaya a lunguna masu duhu. Idan tsohon wasa ne kuma ka ga hotuna sun miƙe sun yi faɗi, ka duba saitin girman allo ka mayar da su yadda aka zana su, don abin da ya karkace yana wuyar ganewa. Ka yi amfani da linzamin kwamfuta, ya fi shafa yatsa a jikin laftof daɗin aiki nesa ba kusa ba.

Na uku, neman kayan kansa

A nan ne ainihin wasan yake. Kada ka fara da kallon hoton. Ka fara da karanta jerin sunayen gaba ɗaya, sau biyu, har su ɗan zauna maka a kai. Dalili kuwa, wanda ya ɗauki suna ɗaya ya shiga nema zai zagaye hoton sau goma sha biyar don abubuwa goma sha biyar, alhali wanda ya riƙe jerin a kansa zai kwashe rabinsu a zagaye ɗaya.

Sai ka bi hoton kamar mai sharar ɗaki: ka fara daga kusurwa ɗaya ta sama, ka bi a hankali zuwa ɗaya gefen, ka sauko kaɗan, ka dawo, har ka kai ƙasa. Idan aka bar ido ya yi yadda ya ga dama, tsakiyar hoto yake tafiya da wuraren da ke da haske, kuma masu zanen sun san haka sarai. Shi ya sa suke ajiye kaya a bakin allo, a saman rufi, ko dab da jerin sunayen inda ba ka zaton akwai komai.

Akwai dabaru uku da suke yawan yi, kuma da zarar ka gane su wasan ya sauya maka. Ta farko ita ce girma. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to wannan ƙimar ce suke yaudara. Kana neman giwa, ranka yana jiran ƙatuwar dabba, ashe 'yar ƙaramar giwa ce aka sassaƙa a jikin hannun kujera. Kana neman allura, ashe an shimfiɗe ta doguwa a jikin sandar labule. Ta biyu ita ce launi: koren maciji a cikin ganye, jan zare a kan jan kafet. Ta uku ita ce layi. Duk abu dogo siriri, kamar fensir, sarewa, takobi ko tsintsiya, ana jingina shi a jikin wani layi da ke cikin hoton tun asali, kamar gefen ƙofa, ƙafar tebur ko firam ɗin taga. Don haka idan dogon abu ya rage maka, ka daina duban tarin kaya, ka bi gefunan abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Idan zagayayye ne, kamar zobe ko kwabo, ka duba fuskar agogo, ƙafar keke, idon mutum-mutumi, maɓallin riga.

Ka kuma tuna cewa sunan abu ba lallai ya zo da siffar da ka sani ba. Tauraro yana iya zama zane a bango. Lamba bakwai tana iya zama tsagewa a jikin katako. Kuma tunda yawancin wasannin da Turanci suke, kalma ɗaya takan ɗauki ma'ana biyu: sunan da ake kiran jemage da shi shi ne kuma sunan sandar buga ƙwallon kurket. Idan ka nemi ɗaya ka rasa, nemi ɗayan. Ƙamus a waya kusa da kai yana rage wahala sosai.

Wasu sunaye a jerin za ka gan su da wani launi daban. Wannan alama ce cewa abin ba a fili yake ba, sai ka yi wani aiki tukuna. Misali an rubuta "kyandir mai ci", amma kyandir ɗin da ke kan tebur a kashe yake. Sai ka nemo ashana a wani gefen hoton, ka ja ta zuwa kansa, ya kama, sannan ka danna shi. Ko kuma sai ka buɗe aljihun tebur, ko ka ɗaga mayafi. Ka riƙa yawo da kibiyar linzami a kan hoton, duk inda ta sauya siffa ta zama hannu, akwai abin taɓawa a wurin.

Abin da nake roƙon ka bari shi ne danne-danne barkatai da fatan a dace. Wasanni da yawa suna daskarar da kibiyar na 'yan daƙiƙoƙi ko su rage maka lokaci idan ka yi haka. Ko da ba su hukunta ka ba, ka zubar da daɗin abin, domin daɗin yana cikin lokacin nan da abin da ka wuce sau biyar ya fito maka fili tsaf. Idan abu ɗaya ya gagare ka, ka ja da baya daga allon, ko ka kau da kai na minti ɗaya. Sau da yawa kana dawowa za ka gan shi.

Na huɗu, yawo da kayan jaka

Bayan kowane nema za a ba ka abu ɗaya mai amfani, ya shiga jakarka da ke ƙasan allo. Kowane abu yana da wurin da yake jira: makulli ga ƙofa, mai ga ƙarfen da ya yi tsatsa, rabin tambari ga ramin da ke da siffarsa. Idan ka shiga sabon wuri, ka taɓa duk abin da ke taɓuwa, ka karanta abin da jarumin labarin ya faɗa, domin a nan ake gaya maka abin da ake buƙata. Taswira takan nuna ɗakunan da ke da sauran aiki, a wasu wasannin ma tana kai ka can kai tsaye. Littafin da jarumin ke riƙe da shi yana adana duk lambobi da alamomin da ka gani a hanya, don haka idan ka tarar da akwati mai neman lambar sirri, can za ka fara dubawa.

Na biyar, ƙananan wasannin wasa ƙwaƙwalwa

Suna da yawa a ido, amma kaɗan ne ake ta sauya musu riga. Ka karanta bayanin kowanne kafin ka taɓa komai, ka kuma san inda maɓallin maido da wasa farko yake, don wani lokaci sake farawa ya fi warware abin da ka dagula sauƙi.

Akwai na fayafayi da sanduna uku, wanda masanin lissafi Bafaranshe Édouard Lucas ya fitar a 1883, ake kiransa Hasumiyar Hanoi. Za ka kwashe fayafayin daga sanda ɗaya zuwa wata, ɗaya-ɗaya, ba a ɗora babba a kan ƙarami. Fayafayi 3 suna ƙarewa a motsi 7, guda 4 a motsi 15, guda 5 a motsi 31. Sirrinsa: mafi ƙanƙantar faifan yana motsawa sau ɗaya a kowane motsi biyu, kuma kullum yana zagaya sandunan ta fuska ɗaya. Idan adadin fayafayin mara ne, kamar 3 ko 5, ka fara kai ƙaramin kan sandar da ake so a ƙare. Idan cika ne, kamar 4, ka fara kai shi ɗaya sandar. A motsin da ba na ƙaramin ba, hanya ɗaya tak ce ke halatta, ba sai ka yi dogon tunani ba.

Akwai na fitilu, inda danna ɗaya ke kunna ko kashe ta tare da maƙwabtanta na sama da ƙasa da gefe biyu. Abu biyu za ka riƙe: danna fitila sau biyu daidai yake da rashin taɓa ta, kuma ko da wacce ka fara dannawa, ko da wacce ka ƙare, sakamakon ɗaya ne. Idan kashe su duka ake so, ka duba layin farko, duk fitilar da ke kunne ka danna wadda ke ƙarƙashinta a layi na biyu. Haka za ka yi ta koro hasken ƙasa har layin ƙarshe. In wasu sun rage a can, ka danna ɗaya ko biyu a layin sama ka sake korowa.

Sai na tayal masu zamewa, waɗanda ake so ka jera su bi da bi, inda gurbi ɗaya ne babu komai. Ka kammala layin sama tukuna, kada ka sake taɓa shi. Inda mutane ke maƙalewa shi ne tayal biyu na ƙarshen layi. A allo mai huɗu-huɗu, ka kai tayal na 3 can kusurwar dama inda na 4 ya kamata ya zauna, ka sa na 4 a ƙarƙashinsa, ka kawo gurbin gefen hagu na na 3, sai ka zame na 3 hagu, ka tura na 4 sama. Layuka biyu na ƙasa kuma ba a yin su layi-layi, ana cika su ne bibbiyu, sama da ƙasa, daga hagu zuwa dama.

Na haɗa yagaggen hoto da na jona bututu ba su da wani sirri mai yawa: fara da kusurwoyi da gefuna, domin su ne ba su da zaɓi da yawa.

Na shida, taimako da tsallakewa

Maɓallin taimako yana nuna maka abu ɗaya, sannan ya ɗauki lokaci kafin ya sake cika. Ka ajiye shi don abin ƙarshe da ya ƙi fitowa, kuma idan ya nuna maka, ka tsaya ka duba yadda aka ɓoye shi, domin masu zane ɗaya sukan maimaita dabararsu a ɗakuna na gaba. Maɓallin tsallake wasa ƙwaƙwalwa shi ma halal ɗinka ne. Idan wani ya riƙe ka har ranka ya fara ɓaci, tsallake shi ka ci gaba da labarin. Bugu na musamman da ake kira Collector's Edition yakan zo da jagora a cikinsa da ƙarin babi, kuma sau da yawa yana ba ka damar komawa ka sake gwada wasannin da ka wuce.

Irin wannan kallo na ƙurilla yana gajiyar da ido, saboda mutum yakan rage ƙiftawa ba tare da ya sani ba. Likitocin ido suna ba da shawarar bayan kowane minti 20 ka dubi wani abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Yawancin waɗannan wasannin suna adana inda ka tsaya da kansu, amma ka fita ta maɓallin fita na cikin wasan maimakon kashe kwamfutar kai tsaye, kuma idan ku biyu ne ke wasa a kwamfuta ɗaya, kowa ya buɗe sunansa daban don kada wani ya ci gaba a kan wasan wani.