Yadda Ake Binciken Rikicin Ƙabilanci a Jos Ba Tare da An Zama Kakakin Wani Ɓangare Ba

Ɗalibin da ya kai wa malaminsa take irin "Musabbabin rikicin ƙabilanci da addini a Nijeriya" ya jajibo kayan da suka fi ƙarfin wuyansa. Fara da rage fili: ƙaramar hukuma ɗaya, ko ma unguwa biyu, da shekarun da ke da farko da ƙarshe. Jos ta Arewa misali ce mai kyau. An ƙirƙiro ta a 1991 zamanin Babangida. A Afrilun 1994 rikici ya ɓarke kan naɗa Aminu Mato shugaban riƙo na ƙaramar hukumar. Ranar 7 ga Satumba 2001 aka yi babban tashin hankalin da ya soma daga unguwar Congo-Russia, sai na Nuwamba 2008 bayan zaɓen ƙananan hukumomi, sai na Janairu 2010. Daga 1991 zuwa 2010 ya ishi kundin digiri na biyu, har da saura.

Bayan fili sai tambaya, kuma a nan ne yawancin kundaye ke lalacewa. Wanda ya tambayi "me ya sa Birom da Hausawa ba sa jituwa?" ya riga ya amsa wa kansa, domin ya ɗauka kowace ƙabila dunƙule take, kuma gabar tun fil azal ce. Masana sun daɗe suna ja-in-ja kan wannan. Wasu na ganin ƙabila gado ce ta jini da harshe, wasu na ganin makami ce a hannun 'yan siyasa, wasu kuma na cewa ginawa ake yi tana sauyawa da zamani. Shawarar da masanin nazarin al'ummomi Fredrik Barth ya bayar a 1969 ta fi amfani ga mai shiga fili: ka dubi iyakar da ake shatawa tsakanin mutane, wa ke shata ta, me ake samu ko a rasa idan an tsallake ta. Saboda haka tambayarka ta zama mai iya amsuwa da hujja, kamar: daga yaushe, kuma ta hannun wa, kalmar "baƙo" ta fara hana mutum gurbin karatu ko aikin gwamnati a Jos ta Arewa?

Wannan tambaya za ta kai ka ga takardar shaidar asali, wadda jama'a ke kira takardar indijin. Sashe na 147(3) na tsarin mulkin 1999 ya ce a ɗauko minista daga kowace jiha, kuma ya kasance ɗan asalinta. Sashe na 14(3) ya kafa raba daidai a muƙamai, na 42 kuma ya hana nuna bambanci. Amma ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar, a can ake yanke wa mutum matsayinsa. To, ka je sakatariya. Tambayi wa ke sa hannu, wace wasiƙa ake nema daga mai unguwa ko hakimi, shugaban wace shekara ya ba wa, ya hana wa. Idan wani ya nuna maka tsohuwar takardarsa ko ta mahaifinsa, rubuta shekara da ofishin da ya buga hatimi, kada ka rubuta sunan mai ita.

Taskar tarihi da rahotannin kwamitoci

Ka ware aƙalla mako biyu a Kaduna, tsakanin Taskar Adana Takardun Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa. Fayilolin lardin Filato suna ƙarƙashin lambar Jos Prof, na sakatariyar Arewa kuma SNP. An kafa lardin a 1926, kuma haƙar kuza ce ta jawo leburori da 'yan kasuwa daga sassa daban-daban tun farkon ƙarni na 20. Rahotannin ƙididdigar haraji suna da daɗin karatu, suna kuma da tarko. Baturen da ya rubuta su ta bakin tafinta ya ji labari, kuma burinsa ya san wa zai tara masa haraji. Sau da yawa ya haɗa ƙauyukan da ba su ɗauki kansu abu ɗaya ba ya laƙaba musu suna guda. Kan kowane fayil ka rubuta sunan jami'in, shekarar, da dalilin rubutun. Littafin bayanin lardin da jami'in mulkin mallaka C. G. Ames ya fitar a 1934, kowane ɓangare na kafa hujja da shi har yau, don haka ka karanta shi da kanka, kada ka dogara da abin da aka tsinto daga ciki.

Kwamitocin binciken da gwamnati ta kafa, waɗanda ake kira da sunayen shugabanninsu, su ma haka: na Fiberesima bayan 1994, na Niki Tobi bayan 2001, sannan bayan 2008 jiha ta kafa na Ajibola, tarayya ta kafa na Abisoye, har aka yi jayayya kan wa ke da hurumin kafawa. Rahoton ƙarshe ba shi ne abin da ya fi daraja ba. Nemi takardun koke da ƙungiyoyi suka miƙa, domin a cikinsu ne ƙabilun Birom, Afizere, Anaguta da Hausawa suka rubuta tarihin garin kowa da bakinsa. Ajiye su gefe da gefe ka ga daga wace shekara kowa ke fara labari, da abin da kowa ya tsallake.

Batun alƙaluma gajere ne amma mai tsanani. Ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi ƙabila ko addini ba, don haka duk wanda ya ce maka su ne kashi kaza cikin ɗari na Jos, iƙirari ya yi, kuma a matsayin iƙirari za ka rubuta shi. Yawan mamata kuwa, yi jadawali mai gida biyar: rana, wuri, adadi, wa ya faɗa, wa ya buga. Adadin 'yan sanda, na masallaci, na coci da na asibiti ba sa zuwa ɗaya. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta kusan mutum 1,000 a rikicin 2001. Rumbunan bayanai na ACLED da Nigeria Watch suna taimakawa, sai dai galibi daga jaridu suke ɗiba, kuma na biyun daga 2006 ya fara. Idan sun yi daidai da jarida, ba shaida biyu ka samu ba, ɗaya ce ta maimaitu.

Shiga unguwa

Hira 40 zuwa 60 ta wadatar, muddin ba ta ƙofa ɗaya ka shiga ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da limami ɗaya ko fasto ɗaya, shi ya tura ka gun abokinsa, abokin ya tura ka gun wani, ka tashi da hira talatin masu murya ɗaya. Buɗe ƙofa huɗu ko biyar da ba su san juna ba: mai unguwa, shugabar mata 'yan kasuwa, ƙungiyar direbobi, malamin makaranta, matasan sintiri. Kada ka manta da Ibo da Yarabawa da suka daɗe a garin, ana yawan shafe su daga labari alhali sun yi asarar shaguna da gidaje.

Ka ɗauki mataimaka biyu, ɗaya da zai shiga Unguwar Rogo, inda Musulmi suka fi yawa, ba tare da an dube shi ba, ɗaya da zai shiga Unguwar Rukuba, inda Kirista suka fi yawa, haka nan. Sunanka kaɗai ya riga ya gaya wa mai amsa ɓangaren da yake zaton kake, kuma zai auna maganarsa da shi. Rubuta wa ya yi kowace hira, domin daga baya ka ga inda amsa ta canza saboda mai tambaya. Guji azahar ɗin Juma'a, safiyar Lahadi, da makonnin zaɓe.

Kada ka buɗe da rikici. Fara da gida: yaushe kuka zo nan, wa ya sayar muku da fili, su wa ke maƙwabtaka da ku a 2000, ina suke yanzu? Dattijuwar da ba za ta ce komai kan "musabbabi" ba, za ta tsaya bakin ƙofarta ta nuna maka gidaje da yatsa, ta faɗi wanda ya tashi, wanda ya yi musayar gida da wani a wata unguwa, da kasuwar da ta daina zuwa. Daga irin wannan ake zana taswirar yadda gari ya rabe. Idan mutum ya fara kuka ko ya yi shiru mai tsawo, kashe rikoda, kada ka matsa.

Nemi izini kafin naɗar murya, ka faɗi abin da za a yi da ita. Ba wa kowa lamba maimakon suna, takardar da ke haɗa lamba da suna kuma ta zauna a gida, ba cikin wayar da za ka wuce shingen jami'an tsaro da ita ba. Kwafe hirar awa ɗaya na cin awa huɗu zuwa shida, ka sa wannan a lissafin lokacinka. Hausa ce harshen kasuwa da na coci-coci da yawa a Jos, amma kalmomi irin "ɗan ƙasa", "baƙo", "Jasawa" (sunan da Hausawan Jos ke kiran kansu da shi) da "arna" kowacce na ɗauke da matsaya. Rubuta su yadda aka furta, cikin alamar zance, kada su shiga muryarka.

Ka kuma binciki inda ba a yi faɗa ba. Unguwar Dadin Kowa, mai Musulmi da Kirista, ta tsira daga kashe-kashen da suka ci wasu unguwanni, kuma mai bincike Jana Krause ta yi nazari a kanta a aikinta na 2018. In ƙabila da addini kaɗai ne dalili, da ita ma ta ƙone. Kwatanta unguwa irin wannan da wadda ta ƙone zai tilasta maka duba dattawa, mata, matasa, jita-jita da zuwan jami'an tsaro.

Wajen rubutu, bi kowace jimla ka duba mai aikatawa. "Hausawa suka kai hari" ko "Birom suka ƙona" jimla ce da ke ɗora laifin wasu mutane kan dubban da suna ɓoye a ɗaki a ranar. Rubuta abin da hujjarka ta nuna: matasa kimanin nawa, daga wace hanya, da wane lokaci, in ji wa. Kafin ka miƙa kundin, ba mutum ɗaya daga kowane ɓangare babin tarihi ya karanta, ka gyara kuskuren suna da kwanan wata, ka kuma cire sunan layi ko sana'ar da za ta sa a gane wanda ya yi maka magana.